Gilashin kyamara na milimita 50 marar na'urar hana rawa: abin da na gani

Gilashin da nake magana a kansa shi ne na milimita 50 mai kafar haske f/1.8 (ƙaramar lamba na nufin kafa mai faɗi), irin wanda ba shi da na'urar da ke rage rawar hannu, kuma ina amfani da shi ne a kan kyamara mai ƙaramar sensa (ɓangaren da ke karɓar hasken hoto) ta APS-C wadda ita ma ba ta da wannan na'ura a jikinta. A waje da rana hotunansa suna fitowa tsaf. A cikin ɗaki ko bayan faɗuwar rana kuwa, da yawa sun riƙa fitowa dishi-dishi, har na soma zargin ko gilashin ne ke da matsala.

Don in raba gardama, na ɗora kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku, na sa mata jinkirin daƙiƙa 2, na ɗauki hoton shafin jarida da na liƙa a bango. Kowane harafi ya fito sarai, musamman daga f/2.8 zuwa f/4, wanda ya nuna cewa gilashin lafiyarsa lau. Da na duba bayanan da kyamara ke ajiyewa tare da kowane hoto, sai na ga cewa yawancin waɗanda suka lalace an ɗauke su ne a 1/30 ko 1/15 na daƙiƙa, domin idan aka bar wa kyamara zaɓi a wuri mai ƙarancin haske, takan bar ƙyauren ɗaukar hoto a buɗe na tsawon lokacin da hannu ba zai iya tsayawa cak ba.

Tsohuwar ƙa'idar masu ɗaukar hoto ita ce kada saurin ƙyauren ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin, wato 1/50 ga milimita 50. Amma ƙaramar sensa tana matse hoton da ninki 1.5 ko 1.6, saboda haka gilashin yana aiki ne kamar na milimita 75 zuwa 80, kuma rawar hannu tana ƙara bayyana gwargwadon haka. Ni dai a hannuna 1/80 bai wadatar ba, sai da na tsayar da mafi ƙarancin sauri a 1/160, na bar ISO, wato ma'aunin jin haske na kyamara wanda hawansa ke kawo ɗige-ɗige a hoto, yana hawa da kansa har 3200. Hoto mai ɗan ɗige-ɗige ana iya gyara shi a kwamfuta, wanda ya yi rawa kuwa da wuya a ceto shi. Manna gwiwar hannu a jikin haƙarƙari da danna maɓalli a hankali su ma sun taimaka.

Ba kowane dishi-dishi ne daga hannu yake ba. Idan duk hoton ya ja gefe guda, rawar hannu ce. Idan bango ya fito amma mutum bai fito ba, shi ne ya motsa. Idan kunne ya fito sarai ido kuma bai fito ba, saitin wurin da ake so ya fito sarai ne ya kauce, domin a f/1.8, in ana kusa da fuska, zurfin abin da ke fitowa sarai bai wuce 'yan santimita ba.

Abin da ya sa na gamsu da shi shi ne yawan hasken da yake shigarwa, kusan ninki goma na abin da gilashin milimita 18-55, irin wanda kan zo tare da kyamara, ke shigarwa a f/5.6. Wannan hasken yana ba ni saurin da ke tsayar da motsin yaro mai gudu, abin da na'urar hana rawa ba ta iyawa, tun da ita rawar kyamara kaɗai take gyarawa. Inda na ji rashinta sosai shi ne ɗaukar bidiyo da hannu, da kuma hoton gini da dare a f/8, inda dole sai da sanda mai ƙafa uku. Wanda yawancin aikinsa bidiyo ne gara ya nemi gilashi mai na'urar, amma mai ɗaukar hoton mutane wannan zai ishe shi.