Mujallar Allerhande a Matsayin Malamar Holanci ta Ɗakin Girki

A bakin ƙofar kantunan Albert Heijn da ke ƙasar Holan akan ajiye wata mujallar girke-girke mai suna Allerhande, wadda kowa ke iya ɗauka kyauta. Kamfanin ya samo asali ne daga wani ɗan shago a Oostzaan a shekarar 1887, mujallar kuwa ta fara fitowa a 1954. Ba don masu koyon harshe ake buga ta ba, domin manufarta ita ce tallata kayan kantin, amma a ganina baƙon da ke son sanin kalmomin abinci da cefane cikin Holanci da wuya ya sami abin da ya fi ta amfani ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Ƙarfinta yana cikin maimaici. Kowane girki yana zuwa da hoto da jerin kayan haɗi da kuma matakan aiki, saboda haka kalmomi irin su ui, wato albasa, da knoflook, tafarnuwa, da gember, citta, da rijst, shinkafa, suna ta dawowa shafi bayan shafi har su zauna a kai ba tare da hadda ba. A nan na gane cewa bakken tana ɗaukar suya da gashi duka biyu, cewa snijd umarni ne a yanka, roer kuma a juya, sannan el da tl gajerun sunaye ne na babban cokali da ƙaramin cokalin shayi. Akwai ma darasin nahawu a ɓoye: idan aka rubuta “voeg de ui toe”, wato a ƙara albasa, kalmar aikin toevoegen ce ta rabu biyu, rabi a farkon jimla, rabi a ƙarshe. Na daɗe ina fama da wannan ƙa'ida a aji, sai da na tsaya gaban tukunya da wuƙa a hannu, mujallar tana jingine da bango ta sha ɗigon mai, sannan ta shige ni.

Wurin da na fi ba ta muhimmanci shi ne batun nama, domin ga Musulmi wannan ya wuce sha'awar harshe. Mujallar an yi ta ne don mutanen ƙasar, don haka za a riƙa cin karo da varkensvlees, naman alade, da spek da spekjes da ham, waɗanda dukkansu daga alade suke, da kuma wijn, wato giyar inabi da ake zubawa a miya. Kalmar da ta fi buƙatar lura ita ce half-om-half, niƙaƙƙen nama wanda rabinsa na shanu ne, rabinsa na alade, kuma babu abin da ke nuna hakan a sunan. Gara mutum ya san waɗannan a kan takarda yana zaune a ɗakinsa, kafin ya tsaya gaban firjin kanti yana ƙoƙarin bambanta su da rundvlees da kip da lamsvlees, wato naman shanu da kaza da ɗan rago.

Iyakarta kuwa a bayyane take. Takarda ba ta magana, kuma wanda ya karanta ui bai ji ta daga bakin ɗan ƙasa ba, ba zai furta ta daidai ba, haka ma harafin g da ke fitowa daga maƙogwaro. Ba ta koyar da zancen gidan abinci, kamar “Mag ik de rekening?” idan ana neman takardar kuɗin abin da aka ci, ko pinnen, biya da katin banki. Ma'auninta giram ne da lita, alhali a kasuwannin fili irin su Haagse Markt a birnin Hague ko Dappermarkt a Amsterdam, mai sayarwa zai ce ons yana nufin giram 100, ko pond yana nufin giram 500.

Shawarata ga sabon zuwa ita ce ya ɗauki girki ɗaya a mako, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da bai sani ba, haɗe da de ko het ɗinsu, wato ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna a Holanci suna nuna jinsinsa, ya rubuta jerin cefanensa da Holanci, sannan ranar Asabar ya tafi kasuwa ya nemi kayan da bakinsa.