Takin ƙwaya ko takin ruwa, wanne zai farfaɗo da shukar tankin kifi?

In ganyen shukar da ake kira Amazon sword ya fara komawa ruwan ɗorawa, gaskiya takin ƙwaya ya fi, wanda ake cusawa cikin yashi kusa da saiwa, don ita ta saiwa take ci sosai kuma ƙwaya ɗaya kan kai wata 2 zuwa 3, sai dai kar ka riƙa tono wajen, ruwan zai gurɓace. Takin ruwa kuwa na shuke-shuke irin su Anubias da Java fern ne da ake ɗaurewa jikin dutse ko itace, daga ruwan suke sha. Amma fa in ka cika hannu wajen zuba takin, ga kuma fitila kunne har dare, wallahi gansakuka za ta mamaye gilas. Ganyen da ya ruɓe kam yanke shi kawai, ba ya dawowa.