7-Zip, WinRAR ko WinZip: wanne za ka sa kafin ka buɗe fayilolin bincikenka?

In kana sauko da bayanan ruwan sama na CHIRPS ko fayilolin FASTQ na ƙwayoyin gado, to za su zo maka a matse, yawanci .gz ko .tar.gz, kuma manhajar da ka buɗe su da ita za ta iya ɓata su shiru ba tare da ta ce maka uffan ba.

WinZip ce abin tsoro a nan. Ta kuɗi ce, sannan tana da wani saiti mai suna TAR file smart CR/LF conversion wanda ke sauya alamar ƙarshen layi zuwa irin ta Windows, a fayil ɗin rubutu ba wata matsala amma in ya taɓa fayil na binary, wato wanda ba rubutu ba ne, sai ya cusa masa abin da babu a ciki, fayil ya ƙi buɗuwa ko kuma ya buɗe ya ba ka lambobin banza, wanda shi ne mafi muni don sai ka yi nisa da lissafi kafin ka farga. In dole sai ita, ka kashe saitin tukuna.

WinRAR gwajin kwana 40 take bayarwa sannan ta fara neman kuɗi. Abin da ta fi sauran da shi shi ne recovery record, wato ƙarin bayanan gyara da take haɗawa da fayil, in kai ne za ka matse ka aika wa wani to ka kunna shi, yana gyara ƙaramar ɓarna. Amma a fayil ɗin RAR, wato irin matsin WinRAR, kaɗai yake aiki, ba ruwansa da .gz ɗin da ka sauko da shi.

Ni dai 7-Zip nake cewa a sa. Kyauta ce, ba ta taɓa abin da ke cikin fayil, tana da maɓallin Test na gwada lafiyar fayil, kuma tana lissafa SHA-256, wato lambar tantance fayil da ke sauyawa in fayil ya ɓaci. Sai dai .tar.gz sau biyu za ka buɗe shi, .tar ya fito sannan ka sake. Masu Linux kuwa umarnin gzip -t da tar sun ishe su.

Kuɗin da ka rage kai shi wajen sayen abin adana fayiloli. Filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, kuma FASTQ in an buɗe shi yakan ninka girmansa sau uku ko fiye, don haka mayar da filashin tsarin exFAT ko NTFS. Filashi mai arhar banza da aka rubuta 1TB a jiki kuwa ka bar musu kayansu, jabu ne yawanci, zai nuna maka sunayen fayiloli ciki kuma fanko.

Kuma fa ba kullum laifin manhaja ba ne, data ta ƙare ko a ɗauke wuta ana tsakar saukewa. Rumbun ENA, wato rumbun bayanan ƙwayoyin gado na Turai, yana ba da MD5, wata lambar tantance fayil, na kowane fayil, a Command Prompt na Windows ka buga certutil -hashfile sunan fayil MD5 ka kwatanta, in harafi ɗaya ya saɓa to sake saukewa kawai.