LMS ko RLS: wanne zai fi cire ƙarar fanka daga murya?

Ɗan'uwa, ka ce kana da makirufo biyu da ƙaramar na'ura mai aiki da batir, kana so ka cire ƙarar fanka daga muryar mai magana, sai ka rasa wanne za ka ɗauka tsakanin LMS da RLS, hanyoyin lissafi biyu na cire ƙara.

Aikinsu ɗaya ne. Makirufo na farko yana ɗauko murya da ƙara a cakuɗe, na biyu yana kusa da fankar. Rariyar sigina, wato lissafin da ke tace sautin a cikin na'urar, tana amfani da na biyun ta kintaci ƙarar da ta shiga na farko, ta debe ta, sannan ta duba abin da ya rage ta gyara lambobinta. Wajen gyaran ne suka rabu.

LMS, wanda Bernard Widrow da ɗalibinsa Ted Hoff suka fito da shi a Jami'ar Stanford a 1960, lalube yake yi kamar mai saukowa daga tudu cikin duhu, taku ɗaya-ɗaya. Lissafinsa kaɗan ne: rariya mai lambobi 256 tana cin ninkawa kusan 512 a kowane samfuri, wato kowane awo ɗaya na sautin da na'urar ta ɗauka. Matsalarsa girman taku. Ka rage shi ya yi nawa, ka ƙara shi fiye da kima lambobin su watse. Shi ya sa ake amfani da NLMS, wani nau'in LMS mai daidaita takun da ƙarfin siginar da ke shigowa.

RLS kuwa yana riƙe da bayanin abin da ya wuce, yana mantawa da tsoho a hankali, don haka yakan daidaita da sauri sosai, musamman idan ƙarar ta taru a wasu mitoci kamar ta fanka. Amma sai ka biya. Lissafinsa yana tafiya da yawan lambobin sau kansu: 256 sau 256 ya ba da 65,536. Idan kana ɗaukar samfuri 16,000 a daƙiƙa, ka haura ninkawa biliyan 1, inda LMS bai wuce miliyan 8 da ɗoriya ba. Ga shi kuma a ƙananan na'urori masu taƙaita lambobi, kura-kurai kan taru har lissafin ya birkice.

Ni dai NLMS zan ɗauka. Fanka ba ta sauya kukanta kowane lokaci, saurin RLS ba zai biya maka batirin da zai sha ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. In muryar mai magana ta kutsa cikin makirufo na biyu, rariyar za ta ɗauke ta a matsayin ƙara ta fara cinye ta, ko da wanne ka zaɓa. Ka matsar da makirufo na biyun jikin fankar, ka juya bayansa ga mai magana, sannan ka fara da ƙaramin taku.