Koyon harbin kare kai a Texas: abin da kuɗi ke saya

'Yan uwa, masu tambaya ko gaskiya ne a Amurka ana sayen fistol a kanti, e, gaskiya ne. Kantin da ke da lasisi zai sa ka cike takardar gwamnati mai lamba 4473, a bincika tarihinka, sannan a miƙo maka. Mai katin zama na dindindin yana iya saya. Wanda ya zo da bizar karatu ko ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai a wasu keɓaɓɓun halaye. A gida Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasisinta sai shugaban ƙasa. Don haka kada wani ya kalli bidiyon Amurkawa ya je neman bindigar bayan fage.

Wuraren harbi a nan iri biyu ne. Filin cikin gini, ka yi hayar layi na awa ɗaya, a ba ka tabarau da abin toshe kunne, ka harbi takarda a tsaye. Yana da araha, amma da yawansu ba sa yarda a zaro bindiga daga kube, alhali nan ne haɗarin yake. Aji da malami ya fi tsada, kuma shi ne ya cancanci kuɗinsa.

Jarrabawar lasisin ɗaukar bindiga a Texas harsashi 50 ce: 20 a yadi 3, 20 a yadi 7, 10 a yadi 15, ana cin ta da maki 175 cikin 250. Tun Satumba 2021 ma ana iya ɗaukar bindiga ba lasisi. Wannan jarrabawa ba ta isa a ce mutum ya ƙware ba, ko kusa.

Malamai na ƙwarai da bindiga babu harsashi suke farawa: a cire magazin (gidan harsasai), a duba ciki sau biyu, a kai harsasai wani ɗaki. Minti 10 kullum na jan kunama ba tare da saiti ya motsa ba. A filin harbi sai abokinka ya cusa harsashin roba cikin na gaske ba ka sani ba. Idan ka kai kansa, bindiga ba za ta tashi ba, amma za ka ga bakinta ya dunguri ƙasa. Ke nan hannunka yana zabura kafin ƙara, shi ya sa na hannun dama yake samun harbinsa ƙasa ta hagu. Sakin wuyan hannu kuma yana sa kwanso ya maƙale a ƙofar fita. Maganinsa a bugi gindin magazin, a ja saman bindiga baya, a sake saiti.

Dennis Tueller, ɗan sandan Salt Lake City, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa yana cin tazarar ƙafa 21 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Saboda haka ake koyar da gocewa gefe da neman mafaka, da gane lokacin da gudu ya fi.

Mayar da bindiga kube a hankali ake yi, yatsa nesa da kunama, ido a kan kuben, domin bakin riga kan shige ya ja kunama. Kube mai tauri da ya rufe kunama gaba ɗaya za a saya, na yadi mai laushi kada a kusance shi. Bayan harbi a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko yara, saboda dalma.