Zanzibar ko Lombok: Wanne Ya Fi Sauƙi Ga Mai Ƙaramin Guzuri?

Zanzibar da Lombok tsibirai ne masu zafi da farin yashi, kuma mafi yawan mazaunansu Musulmi ne, sai dai yadda kowannensu ke cin kuɗin baƙo ya bambanta. A Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, aljihu yakan fara jin jiki tun daga ƙofar shiga, domin ban da kuɗin biza, tun watan Oktoban 2024 hukuma ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44. Otal-otal na bakin teku a ƙauyukan Nungwi da Kendwa da ke arewacin tsibirin suna da tsada, amma wanda ya sauka a ƙaramin masauki cikin lungunan Stone Town, garin da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, yana hawa daladala, wato ƙananan motocin haya, yana cin gasasshen kifi da ruwan rake a kasuwar dare ta Forodhani, zai ga guzurinsa ya yi auki.

Lombok, wadda ke gabas da Bali a Indunusiya, ta fi arha ga mai niyyar daɗewa, saboda masauki da hayar babur da shinkafa da kaza mai yaji a ƙananan shagunan abinci duk suna da rangwame. Hawa dutsen Rinjani mai tsayin mita 3,726 kuwa sai da ɗan jagora, kuma ba kyauta ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne tikitin jirgi, domin galibi sai an sauya jirgi a Jakarta, Bali ko Kuala Lumpur.

A ganina, mai mako guda wanda Gabashin Afirka ta fi masa kusa ya nufi Zanzibar, ya kauce wa ruwan saman Maris zuwa Mayu, mai wata guda kuma Lombok za ta fi masa.