Boila ta gumin shinkafa: wacce za ka saya, wace takarda za ka nema?

Duk wanda ya bi ta Kura ko Bunkure bayan girbi ya san ƙamshin gumi. Hayaƙi na tashi ta bayan gidaje, mata na juya shinkafa a rabin duram, wata kuma an baza ta a tamfol har bakin kwalta. Da harkar ta yi ƙarfi, sai masu injin casa da ƙungiyoyin manoma suka fara neman boila, wato rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ke tara tururi ta tura shi cikin tankunan shinkafa ta bututu. Amfaninta a fili yake: ɓuntun da ake zubarwa shi ne makamashinta, shinkafar kuma tana fita launi ɗaya.

Sai dai ita ba tukunyar tuwo ba ce. Idan agogon matsinta ya hau bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsi), kowane faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya na jikinta yana ɗauke da kusan tan 100, wato buhu 2,000 mai kilo 50. Zafin ruwan ciki ya kai wajen digiri 180, kuma da ƙarfe ya tsage, wani kaso nasa zai koma tururi nan take. Tururi kuwa ya fi ruwa cin wuri sau 1,600. Abin da ke ɗage rufin kwano ke nan, har da katanga.

Shi ya sa ƙasashe suka ce a duba zanen tun kafin a yanka ƙarfe: kaurin faranti, irin ƙarfen, yadda za a yi waldar, da iyakar matsin da za ta ɗauka. A Amurka, boilar wata masana'antar takalma ta fashe a garin Brockton a 1905, mutum 58 suka mutu, kuma irin wannan ta'adi ne ya sa ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta tsara ƙa'idarta ta ƙera boila a 1914. A Kanada sai hukumar lardi ta yi wa zanen rajista ta ba shi lamba, kuma ba tukunyar kaɗai ba, har bawul da mahaɗan bututu. Indiya na da ƙa'idar boila mai suna IBR tun 1950, Turai na da tambarin CE, shaidar cewa kaya sun cika ƙa'ida. A nan gida, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta bawul ɗin kariya (mai sakin tururi in matsi ya yi yawa), agogon matsi da gilashin duba ruwa a kowace boila, tare da binciken sufeto mai izini aƙalla sau ɗaya cikin wata 14. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke kula da wannan, kuma a 2018 ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan boila da tankunan matsi.

To, abin da ke kasuwa iri uku ne, sai na huɗu da mutane ke rainawa.

Akwai ta mai walda na gari. Ita ce mafi araha, kuma in ta lalace ga maƙerinta nan kusa. Ba na raina masu waldarmu. Sun iya tanki, sun iya tirela. Amma ka tambaye shi: "Malam, ina zanen? Farantin nan na boila ne ko na ƙofa? Wa ya lissafa kaurinsa?" In ya ce ai da ido yake ganewa, shekara ashirin yana wannan aiki, ka yi masa godiya ka tashi. Ido ba ya ganin ramin iska a cikin walda.

Akwai tsohuwa, wadda aka ciro daga masaƙun da suka rufe a Sharaɗa ko Bompai, ko wadda ta shigo ta jirgin ruwa. A nan ne aka fi yin ribar ƙafa, a nan ne kuma aka fi cutar mai saye. Asalinta mai kyau ce, amma tsatsa daga ciki take ci, sabon fenti kuma a waje yake. Nemi ƙaramin allon ƙarfen da ke manne a jikinta, mai sunan kamfani, shekarar ƙira, lambarta da iyakar matsi. Lambar nan dole ta zo ɗaya da ta takarda. Allon da aka goge ko aka sake liƙawa, tamkar saniya ce da aka ƙone wa shaida. Sannan a kawo mai na'urar auna kauri ya bi ta gefe-gefe, musamman inda wuta ke duka.

Sabuwa daga Indiya ko Sin ta fi tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin kwastan da na dako. In za ka iya, ita ce zaɓina, da sharaɗin zane da takardar gwaji su iso tare da ita, ba "za mu turo daga baya" ba. Kuma ka lura, ba kowace boila daga Indiya ke ƙarƙashin IBR ba. Ƙanana ƙwarai dokar ta ware su, dillalai kuma ba kullum suke faɗa ba.

Na huɗun shi ne buɗaɗɗiyar tukunya mai rariyar ƙarfe a ciki: ruwa a ƙasa, shinkafa a sama, murfi a sake. Tururi ke dafa ta, matsi ba ya taruwa. Ƙungiyar matan da ke gumin buhu kaɗan a rana ba ta da wata buƙatar da ta wuce wannan.

Inda masu kuɗi ma ke yin sakaci shi ne kayan haɗi. A sayi boila mai takarda, sannan a je kasuwa a kwaso bututun famfo da bawul ɗin ruwan sanyi a ɗaura mata. Layin tururi yana son bututu mai kauri, da bawul da aka rubuta iyakar matsinsa a jiki. Bawul ɗin kariya kuwa in ya dami ma'aikaci da huci, ba a ɗaure shi da waya, gyara ake kira. Ruwan burtsatse ma a auna shi, domin in yana da gishiri zai bar ɓawo a ciki, ɓawon ya hana ruwa sanyaya ƙarfe har ya yi laushi.

Ko wacce ka zaɓa cikin ukun farko, kada ka cika kuɗi sai an yi gwaji a gabanka da gaban sufeto. A cika ta da ruwa fal ba tare da wuta ba, a matsa da famfo har kusan ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta, a tsaya a zuba wa agogo ido. Ruwa ba ya matsuwa, don haka ko ta tsage, tsiyaya kawai za ta yi. In allura ta fara sauka, ragowar kuɗinka na aljihunka.